Amsoshin Tambayoyinku: Dusar Ƙanƙara a Santambul Cikin Watan Maris

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Daga birnin Santambul na ƙasar Turkiyya muke gaishe ku, kuma takardun da muka zaɓo yau duka a kan abu guda suke, wato dusar ƙanƙarar da ta sauka a nan makon jiya, daidai lokacin da mutanen Sakkwato da Maraɗi suka fara kwana a tsakar gida saboda zafi.

Takarda ta farko daga wani ɗalibi ce ɗan Damagaram, wanda ya zo karatu a nan cikin watan Satumban bara. Ga abin da ya rubuto: "An ce mini sanyi yana ƙarewa da ƙarshen Fabrairu. Na ninke rigar sanyina na cusa ƙasan akwati, har itatuwan unguwarmu sun fara fure. Ran Alhamis na buɗe taga na tarar gari ya yi fari fat. Ban ji haushi ba, fita na yi na yi ta wasa kamar yaro. Amma me ya kawo haka, kuma an saba gani?"

To Malam, wanda ya ba ka wannan labari kalanda ya duba, bai tambayi tsofaffin gari ba. Turkawa suna da karin magana da kowane yaro ya haddace: "Mart kapıdan baktırır, kazma kürek yaktırır." Ma'ana, Maris kan sa mutum ya tsaya leƙe daga bakin ƙofa, har ya kai shi ga ƙona ƙotar diga da ta shebur, don itacen da ya tara na sanyi ya ƙare amma sanyin bai tafi ba. Suna ma da wasu kwanaki, daga 11 zuwa 17 ga Maris, da suke kira sanyin tsohuwa, sunan da ya yi daidai da bardul ajuz na Larabawa. A lissafinsu na gargajiya kuma garwashi uku ne ke faɗowa kafin gari ya ɗumama: na farko a iska wajen 20 ga Fabrairu, na biyu a ruwa bayan mako guda, na uku a ƙasa a makon farko na Maris. Sunan garwashin cemre, daga jamra ta Larabci. Kai ka ga garwashi ya faɗo ka ajiye riga, su kuwa sun san tsohuwa tana tafe.

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshenmu ne. Wannan lokaci da Turkawa ke kira ilkbahar, mu 'yan jarida mukan ce masa bazara don ba mu da wani suna. Bahaushe kuwa da ya ji bazara, abin da ke zuwa masa a rai shi ne zufa da ƙishi da rijiyar da ta yi ƙasa. Nan ba haka ba ne. Lokaci ne da sanyi da ɗumi ke kokawa, yau wannan ya kayar, gobe wancan.

Ga yadda abin ke faruwa. Santambul tana tsakanin ruwa biyu, Bahar Aswad a arewa da tekun Marmara a kudu, mashigin Bosforus mai tsawon kusan kilomita 30 ya haɗa su. Idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga Rasha, sai ta ratsa Bahar Aswad kafin ta iso. Ruwan tekun a ƙarshen hunturu yana wajen digiri 7 ko 8, wato ya fi iskar ɗumi nesa ba kusa ba. Kamar yadda tukunyar ruwan zafi ke tururi da asubar hunturu, haka tekun ke ba wa iskar danshi, ta ɗauka ta yi gajimare, da ta hau tudun birni sai ta juye shi dusa. Shi ya sa unguwannin arewa irin su Sarıyer da Beykoz da wajen sabon filin jirgin sama sukan fi shan ta, na bakin Marmara kuwa wani lokaci ruwa kawai suke gani.

Batun ko an saba gani, tambayi duk wanda ya haura shekara 50 a garin nan labarin Maris na 1987. Daga 4 ga wata aka fara, aka yi kwanaki ana zubawa, makarantu suka rufe, hanyoyi suka toshe, har yau da ita ake auna kowace dusa. A Maris na 2022 ma ta sauka sosai, aka rufe makarantu aka soke tashin jirage masu yawa. Sai dai ta Maris ba ta cika daɗewa ba. Rana ta riga ta yi ƙarfi, dare da yini sun kusa daidaita, ita kanta dusar jiƙaƙƙiya ce mai manyan ɓarɓashi. Wannan jiƙar ce ta sa take dunƙuluwa a hannu kamar fura, shi ya sa ka ji daɗin wasa da ita. Rigarka dai, bar ta a rataye har tsakiyar Afrilu.

Takarda ta biyu daga wata Hajiya ce 'yar Kano, wadda ke zaune a nan tare da maigidanta da yara uku. Ta ce: "Ranar da dusar ta sauka kulle ƙofa na yi, yara suna ta kuka suna son fita. Da na ga hotunan maƙwabta sai na yi nadama. In ta sake dawowa ina za mu je, kuma yaya za mu yi kada mu kwashi ciwo?"

Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Abu na farko shi ne sammako. Wanda ya ce sai bayan azahar zai fita, taɓo zai tarar da ruwan kwata. Tsakanin hantsi da walaha ne birnin ke da kyan da ake faɗi.

Da ni ne, daga masallacin Sulaimaniyya zan fara, wanda babban magini Mimar Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya tsakanin 1550 da 1557. Ba don ya fi sauran suna ba, sai don farfajiyarsa ta baya. Daga nan za ki hango ƙananan ƙubbobin tsofaffin makarantu a ƙasanki, kowace ta ɗauki farar hula, ga ruwa, ga hasumiyar Galata a ƙetare. Ba a biyan ko sisi, kuma ba cunkoso kamar dandalin Sultanahmet. Shi ma dandalin ya cancanci zuwa, don a nan Ayasofiya, tsohuwar majami'ar da aka kammala tun shekarar 537, daga baya aka mayar da ita masallaci, take fuskantar masallacin Sarki Ahmad mai hasumiya shida. Idan yara sun fara karkarwa, fadar Topkapı tana bayan Ayasofiya, a can ne ɗakin da ke ɗauke da mayafin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da takubban da ake jingina wa sahabbai, kayan da aka fara tarawa bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. A kiyaye dai, ran Talata fadar a rufe take.

Amma abin da na fi so, wanda kuma ya fi araha, shi ne jirgin fito daga Eminönü zuwa Üsküdar. Katin da kike shiga bas da shi, shi ne dai za ki taɓa. Tafiyar ba ta wuce ta minti 20 ba, kin bar Turai kin shiga Asiya. Ki saya wa yara simit, gurasar nan zagayayya mai riɗi, su tsaya a bayan jirgi suna gutsura suna jefa wa tsuntsayen teku, su kuma suna cafewa a sama. Ke kuma ki shiga ciki ki nemi salep, wani abin sha mai kauri kamar kunun gyaɗa, da madara ake yin sa a barbaɗa kirfa, da sanyi aka fi samun sa. Idan iska ta yi ƙarfi ko hazo ya rufe ruwa akan dakatar da jiragen, to sai a bi jirgin ƙasa na Marmaray da ke ratsa ƙarƙashin mashigin tun 2013. Akwai kuma unguwar Eyüp, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, wanda ya sauki Annabi a gidansa a Madina.

Maganar ciwo kuwa, takalmi ne kan gaba. Santambul garin tudu da gangare ne, manyan masallatai kuma da marmara aka shimfiɗe farfajiyarsu, idan ta jiƙe ta fi kuɓewa santsi. Shekarata ta farko a nan na fita da sau-ciki mai sumul ɗin ƙasa, irin wanda muke sawa da babbar riga ran Juma'a. A wani gangare na zame na zauna daɓas, wani dattijo ya ɗaga ni yana dariya yana nuna mini ƙasan nasa takalmin mai haƙora. Mako biyu ina salla a zaune. Ki nemo wa kowa mai haƙora wanda ba ya shan ruwa, da safa biyu a jaka ta canji, don jiƙaƙƙiyar ƙafa ce ke fara kayar da yaro. Riguna marasa kauri uku sun fi ƙatuwa ɗaya riƙe ɗumi. A yi alwala daga gida, ruwan famfunan farfajiyar masallaci a irin wannan rana yanka hannu yake. In kuma ba ki son nisa, kowane gangaren unguwa ya isa: za ki ga 'ya'yan Turkawa suna zamiya a kan leda da faranti da robar wanki, naki ma ba sai an koya musu ba. Idan dusar ba ta dawo ba, a Afrilu ki kai su lambun Emirgan kallon furen tulip, wanda Turkawa ke kira lale.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani mai sauraro a Jos. Yana tambaya ko wannan dusa ita ce ƙanƙarar da ke faɗowa a garinsu da farkon damina.

A'a Malam, ba ita ba ce. Taku a cikin hadari mai tsawa take haɗuwa: iska mai ƙarfi tana cilla ɗigon ruwa sama inda ake tsananin sanyi, ya daskare, ya yi ta tara ɓawo har ya yi nauyi ya faɗo kamar tsakuwa, shi ya sa take huda ganye ta fasa gilashin mota ko da gari na da zafi. Dusa kuwa tururin ruwa ne ke daskarewa kai tsaye ya zama ɗan ƙanƙanin fure mai kusurwa shida, kuma ba ta isowa ƙasa sai iskar da ke ƙasan ma tana dab da digiri sifili. Ko ƙara ba ta yi a kan kwano. A nahiyarmu akan same ta a duwatsun Atlas na Maroko da Lesoto da kan Kilimanjaro, ta kuma taɓa rufe yashin Ain Sefra a bakin Saharar Aljeriya a 1979, ta sake a 2016 da 2018.

Lokaci ya cim mana. Sauran takardu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.