Wilin da Yarona Ya Lanƙwasa Saboda Fim ɗin Ɗan Leƙen Asiri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi daga Garwa. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, na maƙwabcina mai walda ne, ba yadda na iya da shi. Na san na yi alkawarin kai ku bakin Binuwai kallon dorina, to yau dai ba zai yiwu ba. Ga abin da ya tsare ni a shago. Bari in matso da wayar.

Kun gani? Wilin gaba ne na babur. Jiya da safe zagayayye ne sumul, yau ya koma kamar faifan da jaki ya taka. Sifok huɗu sun tsinke, ga shokar hagu tana tsiyayar da mai. Kuma ba nawa ba ne, na wani ɗan haya ne da ya kawo a canza masa ceni kawai.

Na tafi sallar la'asar, yarona ya ce bari ya ɗan gwada cenin. A bayan layinmu akwai tulin yashi da magina suka zube, gabansa kuma kwata. Daren shekaranjiya ya kwana yana kallon fim ɗin ɗan leƙen asiri a waya, wanda jarumin ke tashi da babur daga kan dutse. Sauran labarin kun riga kun gani a hannuna. Kai, zo nan ka gaida mutane, daina ɓuya bayan kwamfireso. Faɗa musu abin da ka faɗa mini jiya.

"Maigida, wallahi tashin ya yi kyau, saukar ce ta ƙi."

Kun ji ko? Da farko haushi ya hana ni dariya. Sai da na kwanta na ga ashe yaron ya yanke mana gardamar da muke yi kullum a teburin mai shayi. Can wurin an rabu gida biyu. Samarin sun ce duk abin da ake gani a irin waɗannan finafinai kwamfuta ce, ba ko mutum ɗaya da ya yi tsalle. Baba mai gadin layinmu kuma ya dage Turawa suna da nasu asirin, in ba haka ba mutum ba zai faɗo daga sama ya miƙe yana gyara kwala ba. Ni tun ina yaro a gidajen kallo na Fagge nake bin finafinan nan, kuma yanzu idon bakanike nake kallonsu da shi. Tashin, mafi yawansa gaskiya ne. A wurin saukar ake yi mana wayo.

Ɗauki wannan tsallen da ya ruɗi yarona. A Norway aka yi shi, a 2020, kuma jarumin fim ɗin, Tom Cruise, da kansa ne a kan babur ɗin, har sau shida. Amma abin da ba a nuna maka ba, doguwar gada ce ta katako da ƙarfe aka gina masa har bakin dutsen, daga baya aka shafe ta da kwamfuta aka mayar da wurin kamar tudun Allah. Kafin ranar kuma ya yi tsallen laima fiye da 500, da tsallen babur wajen 13,000 na gwaji. Sannan ku lura da abu ɗaya, wanda shi ne ya fi damuna a matsayina na mai gyara: bai sauka da babur ɗin ba. A iska ya sake shi, ya buɗe laima. Babur ya yi nasa wuri, ya je ya tarwatse a kwari. Wato ko shi da ke da kuɗin duniya bai nemi wilinsa ya ɗauki wannan nauyin ba, sai yarona da babur ɗin haya ɗan Sin.

Lissafin ba wuya. Abu in ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar rufin bene mai hawa uku, yana isowa ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. Ba ruwan ƙasa da ko kai jarumi ne ko bos. Abin da ke ceton mutum shi ne a ja masa tsayawar, kada ta zo farat ɗaya. Shi ya sa masu wasan kasada ke faɗawa kan tulin kwalaye ko katifar iska, aikin da shoka ke yi wa babur ke nan. A fim ɗin ɗan leƙen asirin nan James Bond na 1995, wani ɗan kasada mai suna Wayne Michaels ya diro daga madatsar ruwa ta Verzasca a Suwizalan, mita 220. Da gaske ya diro, ba wasa. Amma da igiyar roba a ɗaure, wadda ta riƙa shanye gudun a hankali tana miƙewa. A ce igiyar rijiya ce aka ɗaura masa, ko ba ta tsinke ba, fizgar kaɗai ta isa ta gama da shi.

Wanda ya fi burge ni duk cikinsu tsoho ne, na 1974, a Tailan. Mota ta tashi daga karyayyiyar gada, ta murɗa a iska kamar ana juya waina, ta dira kan tayoyinta a ɗaya gefen ruwan. A wancan zamanin ba a iya zana irin wannan da kwamfuta, amma da kwamfuta aka yi lissafinsa a Amurka: nauyin motar, karkatar gadar, gudun da za a shigo da shi. Har sitiyarin sai da aka mayar tsakiya don kada nauyin direba ya rinjayi gefe ɗaya. Sau ɗaya aka ɗauka, ya yi. Wannan aikin makanikai ne tsantsa, ina cire musu hula. A 2006 kuma masu fim ɗin Bond suka so wata mota ƙirar Aston Martin ta wuntsila, motar ta ƙi, don an ƙera ta ne ta manne wa titi. Dole suka dasa mata bututun iska mai matsi da ke naushin ƙasa ya cilla ta. Ta juya sau bakwai, har ta shiga kundin Guinness. Saboda haka in ka ga mota a fim ta ɗan kauce wa mutum sai ta hau birgima, sa ta aka yi.

Sauran ƙananan ƙarairayin ba sai na daɗe a kansu ba. Salansar bindiga ba ta mayar da harbi kamar atishawar kyanwa, rage ƙara take, kamar dai salansar babur, kuma ai kuna jin babur in ya wuce. Tankin mai ba ya fashewa don harsashi ya huda shi, yoyo yake. Da haka mai yake tashi, da masu sayar da fetur ɗin zuwa-zuwa a kwalabe bakin titin nan ba su kai labari ba. Jar wutar nan mai toroƙo haɗa ta ake: wadda aka tayar a Maroko don fim ɗin Bond na 2015 ta ci mai fiye da lita 8,000.

Ƙaryar da ba na yafewa ita ce ta jiki. A bugi mutum da ƙarfe a ƙeya, ya suma, ya farka ya tuƙa jirgi. Ya faso gilashi da fuska, ko ƙwarzane babu. Shekara uku da suka wuce, ranar Lahadi ina dawowa daga kasuwar Pitowa, tayar gaba ta shiga yashi. Gudun bai wuce 40 ba. Na ji ƙas a kafaɗar dama, kamar an karya rake. Mako shida ban ɗaga sifana ba. Riga sai an sa mini, ruwan alwala sai maiɗakina ta zuba mini, in na yi tari sai hawaye. Har yau in sanyin Disamba ya shigo, kafaɗar ce ke fara sanar da ni. Shi kansa Tom Cruise ɗin, wanda ya maƙale a jikin jirgin sojan A400M yana tashi har sau takwas, ya hau bangon Burj Khalifa a Dubai, me ya kayar da shi? Tsalle daga rufin gini zuwa wani a Landan, a 2017, da igiyoyi a jikinsa. Ƙafa ta daki bango, idon sawu ya karye, aka dakatar da aiki makonni. Hoton na nan cikin fim ɗin da yake ɗauka a lokacin, za ku ga ya ja jiki ya hau yana ɗingishi ya wuce kyamara. A ganina duk fim ɗin ba inda ya kai wannan ɗingishin gaskiya.

Nuna musu gwiwar hannunka. Ɗaga sosai. Kun ga ƙujewar, Allah ya taƙaita, yashi ne ya karɓe shi, da kan simintin kwatar ya dira da yanzu muna asibiti. Wilin dai ba zai miƙu ba, na gwada da guduma tun asuba, sai sabo, kuma daga kuɗin sallarsa za a cire.

Af, ga mai babur ɗin can ya shawo kwana, tun daga nesa yana leƙen shago. Kai, ja buhun nan ka rufe wilin tukuna, a bari mu gaisa. Jama'a bari in kashe, wannan bayanin da Fulatanci zan yi shi, kuma Fulatancina bai kai na ba da haƙuri ba. Jam na, Alhaji? Bismillah, ga benci.