Ƙarfen zubi yana motsewa in ya huce, ga yadda leza ke kamo wurin

To jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunya a Garwa ko Marwa a ƙasar Kamaru ya san abin nan, a danna tsohuwar tukunya cikin yashi a fitar da mazubi, a narka alminiyum a zuba, in ya huce sai ka ga murfin tsohuwar yana rawa a bakin sabuwar. Ba laifin maƙeri ba ne fa. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, kuma yana hucewa yana motsewa, wajen kashi 1.3 cikin ɗari, wato tukunya mai faɗin santimita 40 sai ta rasa kamar milimita 5.

A tukunya da sauƙi, amma in kan famfon ban ruwa ne ko wani sashen injin niƙa, milimita ɗaya ma ya isa noti ya ƙi shiga. Kuma abin da ke ba mutane wahala shi ne motsewar ba iri ɗaya ba ce ko'ina, inda ƙarfen ya yi kauri shi ke hucewa a ƙarshe sai ya lotsa, gefe mai siriri kuma ya karkace, don haka ƙara wa mazubi girma bai ɗaya ba ya magance ta.

Nan ne leza ke shigowa, wato na'urar da ke auna siffar abu da haske. Na'urar tana haska layin haske a jikin abin, kyamara tana kallonsa daga gefe, daga yadda layin ya lanƙwashe take lissafa tudu da kwari, ɗigo miliyoyi. Kwamfuta sai ta ɗora wannan siffar kan zanen asali ta shafa launi, galibi ja inda ya yi yawa, shuɗi inda ya gaza. A ce shuɗi ya fito kusa da ramin noti. Nan kaɗai za a ƙara wa mazubin fili, a sake zubi, a sake haskawa har ya daidaita. Haka ake yi wa roba ma, irin su bokiti da kujeru.

In ƙarfen yana ƙyalli sai an fesa masa farar hoda tukuna. Sannan ku riƙe wannan don Allah, leza fatar ƙarfen ta waje kawai take gani, ramukan da motsewa ke bari a cikin ƙarfen sai irin su hoton eksire, kuma su ne ke fasa abu ana tsaka da aiki.