Ruwan famfo, ruwan kwata da ruwan sama: me ya sa Kano ke buƙatar shirin shekara 30?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar ruwan Kano za mu yi, kuma ruwan nan kashi uku ne: wanda muke sha, wanda muka yi amfani da shi muka zubar, sai kuma wanda ke sauka daga sama da damina. Yawanci kowanne daban ake kallonsa, alhali kuwa duk a ƙarƙashin gari ɗaya suke bi, kuma suna haɗuwa.

Bari mu fara da na sha. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa daga kogin Kano yake zuwa, shi kuma kogin madatsar Tiga ce ke riƙe shi, wadda aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974. To ka duba fa, sama da shekara 50 ke nan, mutanen da suka zauna suka zana aikin nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya amma jikokinsu na shan ruwan. Akwai matatar Challawa a Panshekara da ta samo asali tun zamanin Turawa, akwai ta Watari can wajen Bagwai, akwai madatsar Challawa Gorge da aka gama a 1992. Sabuwar matatar Tamburawa kaɗai an gina ta ne don ta ba da lita miliyan 150 a rana.

To in haka ne me ya sa ɗan garuwa ne ke shayar da mu, kura cike da jarkoki tun asuba? Saboda tace ruwa rabin aiki ne. Sai an tura shi da inji, inji kuma sai da wuta, in babu wuta sai dizal, sannan ya bi bututu, bututun kuwa wani an binne shi tun garin bai wuce ganuwa da Sabon Gari da Nassarawa ba, ya tsufa ya tsatstsage, wani an yi titi a kansa, wasu unguwannin ma da suka taso daga baya ba a taɓa kai musu ba. Sai kowa ya haƙa burtsatse a gidansa.

Nan ne fa abin ya fi damuna. Kano ba ta da babban bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje ya kai ta matata, kowane gida da shaddarsa ko sokawe. Gidan nan ya haƙa sokawe, maƙwabcinsa bayan katanga ya haƙa rijiya, tsakaninsu taku kaɗan, damina ta zo ƙasa ta jiƙe ruwa ya taso sama, wallahi abin da ke wannan ramin yana iya tsiyaya zuwa wancan. Ta nan amai da gudawa da taifot ke samun hanya. Shi ma tsohon bututun famfo da ya ratsa ta cikin kwata, idan aka ɗauke ruwa ya zama fanko yakan zuƙi ƙazanta ta inda ya tsage, ranar da ruwa ya dawo ita ce za ta fara isowa gidanka.

Sauran ruwan wanka da wanke-wanke na cikin birni rafin Jakara yake gangarawa, ya haɗu da rafin Getsi da ke ɗauko na masana'antun Bompai, su tafi har dam ɗin Wasai a Minjibir, kuma a bakin ruwan nan ake noman latas da alayyafo da ke dawowa kasuwanninmu. Majemun Sharaɗa da Challawa kuma nasu kogin Challawa yake nufa.

Ruwan sama kuma, ai magabata sun san inda suke ajiye shi. Kududdufan cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, da damina su ne ke haɗiye ruwan unguwa. An bi su ana cikewa da shara ana yanka filoti, an shafe ƙasa da siminti da kwalta, lambatu ya cika da leda, ruwan Agusta ya sauka ya rasa wajen zuwa. 'Yan Kantin Kwari sun gani a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi.

Ba yau aka fara yi wa Kano tsari ba. Akwai tsarin da wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana, na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Garin ne ya yi ta girma ya bar takarda a baya. Zangon gwamna shekara 4 ne, bututu kuwa ana binne shi ne don ya yi shekara 50, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya fitowa a hoto kamar gadar sama, shi ya sa ake ta ɗage aikin bututun.

Shirin gaske zai fara ne da taswira, a san ina kowane bututu yake, shekararsa nawa, ina yake yoyo. A ƙiyasta mutum nawa za su zauna a Kumbotso da Ungogo da Gezawa nan da shekara 30, a ware hanyar bututu da ta magudana tun kafin a yanka filayen. Hukumar ruwa da ta tsara birane, KNUPDA, da ta kwashe shara, REMASAB, su riƙa aiki da takarda ɗaya. Kuɗin gyara ya zama yana cikin kasafin kowace shekara, mu ma masu sha a sa mana mita mu biya, ai abin da muke ba ɗan garuwa a wata ba kaɗan ba ne. Majemu kuma su tace ruwansu kafin ya bar harabarsu.

Sai kududdufan da suka rage. A ƙirga su, a yi musu iyaka, a sa su cikin doka, don duk wanda aka cike aka yi bene a kansa sai an kashe miliyoyi wajen gina lambatun da zai ɗauki ruwan da yake riƙewa a da.