Kara ɗaya a fada: me ya sa yara ke cewa a'a?

[Hoto: fada a bakin titi a Yamai, butar shayi bisa gawayi]

Karan sigari na farko, ba kasafai yaro ke sayensa da kuɗinsa ba. Miƙo masa ake yi, a fada ko bayan an tashi daga lakkol, a ce masa: "Ja sau ɗaya, kai ba yaro ba ne." Amma da yawa daga cikin ƴan shekara 13 zuwa 15 na mayar da hannun, kuma suna da hujja.

[Hoto: yara na ƙwallo kusa da filin Seyni Kountché]

Hujjar da ta fi kusa da su ita ce numfashi. Hayaƙin taba na ɗauke da iskar kabon monokside, irin wadda gawayi ke fitarwa a ɗaki rufe. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita har sau 200, sai ta tare mata wuri. Ga kwalta da ke kwanciya a hanyar numfashi, tana kashe ƙarfin ƙananan gashin da ke share ƙura da majina. Wannan sharar kuwa, a garin da hunturu ke cika da ƙura, ba abin wasa ba ce. Shi ya sa za ka ga yaro ya dafa gwiwa yana haki tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Wanda ke mafarkin ɗaukar takobin kokawa ba ya sayar da huhunsa haka.

[Hoto: zanen ƙwaƙwalwa]

Tarkon yana cikin nikotin, sinadarin da ke cikin taba. Daƙiƙa 10 ko makamancin haka ta isa ƙwaƙwalwa, ta ba da ɗan daɗi. Cikin kamar awa 2 rabinta ya bar jini, sai ƙunci da rashin natsuwa su biyo baya, jiki ya nemi wani karan. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, saboda haka ta yaro ta fi saurin kamuwa. Masu cewa "ni ina iya bari duk ran da na so", a nan suke faɗawa.

Sai lissafi. A ce kara ɗaya dala biyar ne wajen mai tebur. Kara 5 a rana, sefa 125 ke nan; a wata 3,750, a shekara ya haura jika 45. Kuɗin takalmin ƙwallo ne da littattafai suka tashi a hayaƙi.

[Hoto: tukunyar shisha]

Wasu na gudun sigari su faɗa shisha, wai ruwa na wanke hayaƙin. Sanyaya shi kawai yake yi. Nikotin na nan, gawayin da ke sama kuma na ƙara kabon monokside, ƙamshin tuffa ya rufe komai.

Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006, ta hana sayar wa yara. Amma a fada bakin yaron ne ke aiki. Gajeriyar amsa ta fi, ba dogon bayani: "Na gode, yayana, gobe ina da wasa." Ya karɓi kofin shayi, ya matsa kusa da abokin da shi ma ba ya sha, domin mutum biyu sun fi wuyar tursasawa.