Katanga Ba Ta Tare Wifi

Jama'a masu saurare, duk wanda ya bi ta unguwar Plateau ko Terminus a nan Yamai, ya duba jerin wifi da wayarsa take kamawa, zai ga abin da ya sa muka ɗauko wannan batu. Sunayen kamfanoni ne da ofisoshi da asibitoci masu zaman kansu a jere, wasu babu ko alamar makulli a kansu, wasu kuma suna da lambar sirri, amma lambar da aka rubuta a takarda aka manna a bangon ɗakin karɓar baƙi, wadda mai shayin bakin ƙofa ya haddace, wadda kuma har yau take cikin wayar ma'aikacin da aka sallama bara.

Waɗannan kamfanoni sun kashe kuɗi sun gina katanga, sun ɗora mata waya mai ƙaya, sun ajiye maigadi dare da rana. To, katanga ba ta tare wifi! Yana ratsa bango ya fita titi, kuma mutumin da ke zaune cikin mota a tsallaken hanya ba ya buƙatar izinin maigadi kafin ya shiga. Abin da ya fi ɓata rai shi ne, a wurare da yawa layi ɗaya ne ke haɗa wayar baƙo da kwamfutar akanta da na'urar buga takardu da kyamarorin tsaro. Wanda ya samu shiga yana iya ganin waɗannan na'urori, ya gwada kalmar sirrin da akwatin wifi ya zo da ita daga masana'anta, wadda sau da yawa ba a taɓa canzawa ba, daga nan ya kwashi takardun albashi da bayanan abokan ciniki, ko ya dasa manhajar da za ta kulle komai sai an biya fansa.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2007 kamfanin TJX na Amurka, mai manyan kantuna, ya bayyana cewa an sace bayanan katin banki fiye da miliyan 45 na masu sayayya a wurinsa. Ɓarayin sun fara shiga ne ta wifi na kanti, wanda ke amfani da tsohon tsarin kariya na WEP, alhali tun 2001 masana suka nuna cewa ana iya fasa shi. Jagoransu, Albert Gonzalez, ya samu ɗaurin shekara 20 a 2010. A watan Afrilun 2018 kuma, hukumomin Holan sun kama wasu jami'an leƙen asirin Rasha huɗu a birnin Hague, da kayan kutsen wifi a bayan mota, a wurin ajiye motoci na wani otal da ke maƙwabtaka da hedkwatar hukumar hana makamai masu guba. Babu wanda ya haura katanga a cikinsu.

Na san abin da wasu shugabannin kamfanoni ke cewa: wai mu a Nijar wa zai damu da mu, me muke da shi da za a sata? Wannan magana ba ta da tushe. Kuna da hoton katin shaidar mutane, da lambobin asusunsu, da sakamakon gwajin lafiyarsu, kuma ba naku ba ne, amana ce aka ba ku. Ko da babu abin sata, idan wani ya yi amfani da layinku ya damfari mutane ko ya aika barazana, ƙofarku masu bincike za su fara ƙwanƙwasawa, domin dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 tana nan tana aiki.

Gyaran kuma ba shi da tsada, wannan ne ya sa sakacin yake da zafi. Tsarin kariya na WPA2, wanda ya fi WEP ƙarfi, yana nan tun 2004, magajinsa WPA3 ya fito a 2018, kuma yawancin akwatunan wifi na yanzu suna iya ware layin baƙi daban da na aiki ba tare da an sayi komai ba. A canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, a rufe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da wifi ba tare da rubuta lambar wifi ba, wadda aka gano rauninta tun 2011, a kuma sauya lambar wifi ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ba sai bayan wata shida ba. Ban ce wannan zai hana ƙwararren ɓarawo gaba ɗaya ba, domin ko WPA2 an gano masa ɓaraka a 2017, amma zai kori wanda yake yawo yana neman ƙofar da aka bari a buɗe.

Kada a ɗora laifin a kan yaron da aka kira ya haɗa wifi sau ɗaya, aka biya shi ya tafi. Alhakin yana wuyan shugaban da ya sa hannu a kan kuɗin katanga, bai taɓa tambayar wa da wa ke da lambar wifi ɗinsa ba. Muna kira ga hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP da ta sa wannan tambaya a gaban duk kamfanin da ke riƙe da bayanan ƴan ƙasa, ta fara da asibitoci da wuraren aika kuɗi.