Yadda Maganin Ƙanjamau Ya Sauya Siffa a 1998

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

A ba magina biyu tubali iri ɗaya. Wannan ya jera nasa sako-sako, wancan ya jera ƙam-ƙam. Idan damina ta zo, ai ruwa ba zai ci ginin nan biyu daidai ba. Haka ƙwayoyin sinadarin magani suke yayin da suke daskarewa su zama kiristal, irin yadda gishiri da sukari ke yin ƙwaya. Sinadari ɗaya yakan jeru ta hanya biyu ko fiye, shi masana ke kira folimofizim. Jerin da ya fi ƙanƙamewa ya fi wuyar narkewa, maganin da bai narke a ciki ba kuwa ba zai shiga jini ba.

A 1996 kamfanin Abbott na Amurka ya fito da ritonavir, maganin cutar ƙanjamau, da sunan Norvir. Siffa ɗaya tak aka san shi da ita, aka yi shekara biyu lafiya lau. Kwatsam a 1998 sai wasu kafso suka faɗi gwajin narkewa. Da aka duba, sai ga wasu siraran kiristal kamar allurai sun tsiro a cikinsu. Sinadarin yana nan yadda yake, jerinsa ne ya sauya, narkewarsa kuma ba ta kai rabin ta siffar farko ba.

Nan ne fa abin yake ɗaure mini kai har yau. Kun san yadda ake ɗiga ɗan tsohon nono a madara, ta kwana ta zama kindirmo? To ɓurɓushin sabuwar siffar, wanda ido ma ba ya gani, shi ya zama iri. Duk ɗakin gwajin da ya shiga, sai sauran ƙwayoyin su bi jerinsa, har tsohuwar siffar ta gagari masu haɗa ta.

Dole aka janye kafson daga kasuwa. Ku tuna, mutane ne da rayuwarsu ta rataya a kan wannan magani, aka mayar da su shan na ruwa mai ɗan karen ɗaci, sai a 1999 sabon kafso ya fito.

Shi ya sa yanzu kafin magani ya shiga kasuwa, ake narkar da shi a ruwaye daban-daban, a ɗumama, a sanyaya, a haska shi da eksire, don a zaƙulo siffofinsa tun yana ɗakin gwaji.