A karrama mai rubuta labarin ɗan garuwa

Masu saurare, 30 ga Nuwamba ta sake zagayowa, ranar 'yancin 'yan jarida a Nijar, ranar da shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain ta kare 'yancin aikin jarida a Afirka, a 2011. Za a yi jawabai, a tafa wa juna. To amma wa za a yaba?

Ku buɗe jaridun da ke iso mana daga Yamai. Minista ya yanke ƙyalle, an buɗe taron bita, ga manya a jere cikin manyan riguna. Kai ka ce nan Damagaram ba kowa sai masu mota.

Alhali a watan zafi, ƙarfe uku na dare, akwai mace a unguwar Garin Malam tsugune bakin famfo da bidoninta a jere, ta kasa kunne ko bututu zai fara huci. Ruwan da ake turo wa gari daga rijiyoyin Arunguza da Ganaram bai iso ba. Gari na wayewa sai ta sayi na ɗan garuwa, shi ma kafaɗarsa duk kanta. Ɗan jaridar da ya biya kabu-kabu daga aljihunsa, ya tsuguna kusa da ita, ya tambaye ta dala nawa ta sayi bido yau, nawa ne jiya, ya koma ya rubuta, shi nake so a karrama. Babu mai ba shi kuɗin mota a ƙarshen hira. Haka wanda ya wuni cikin warin majema, ko wajen dukawa, ko cikin 'yan kwandon kasuwar Dole. Shi za a karrama!

Wai talaka ba ya karanta jarida, da Faransanci ake buga ta. Haba! Ai mai sa hannu a kan kuɗin ruwa yana karantawa, kuma mu nan rediyo muna juya ta da Hausa, mai shayi da 'yan fadarsa su ji.

Mun riƙe sunan Sarkin Damagaram Tanimun da ganuwar Birni da aka gina a zamaninsa. Waɗanda suka kwaɓa ƙasar suka ɗora tubali fa? Ba wanda ya rubuta ko ɗayansu, kuma abin yana min ciwo. Yau muna da masu rubutawa, sai mu tura labarinsu shafin baya, ƙarƙashin talla.

Editoci, ku dawo da matar nan shafin farko. Masu raba lambar yabo, ku kira wanda ya kwana bakin famfo, ku miƙa masa a gaban ministan.